Albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga larura ta faɗo: yaya za a yi?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne mai ƙaramin albashi, ina da mata da 'ya'ya 3, kuma da ƙyar kuɗin ke kai mu ƙarshen wata. Kwanakin baya ɗana ya kwanta asibiti, a satin kuma abin hawan da nake zuwa aiki da shi ya lalace. Na ci bashi a wata manhajar waya na biya, an sallame mu, an yi gyara, amma yanzu biyan bashin ya hana ni sakat. Kullum ana cewa mutum ya tara kuɗin wata 3 zuwa 6 saboda ko-ta-kwana, ni kuwa na kwana 3 ma ba ni da shi. Mai irin halina yaya zai yi da larurar da ke shigowa ba sallama?

Amsa: Allah ya ƙara wa yaro lafiya, kai kuma ya yaye maka wannan matsi. Malam, a cikin tambayarka larura 2 sun riga sun wuce, ɗaya ce ta rage. An sallame ku, abin hawa ya tashi. Abin da ke cin albashinka yanzu bashin manhaja ne. Haka nake gani a mafi yawan gidajen da muke zama da su mu baje takardun bashi: larurar kanta sau ɗaya take cizo, amma hanyar da aka bi aka biya ta ita ce ke dawowa duk ƙarshen wata. Saboda haka abin da zan fi tsayawa a kai shi ne ka san, tun kafin ranar ta zo, ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa da wadda ba za ka kusanta ba.

Kada ka ɗauka sakacinka ne ya jawo. Binciken Global Findex na Bankin Duniya na 2021 ya nuna kashi 55 cikin 100 ne kawai na manya a ƙasashe masu tasowa za su iya samo kuɗin gaggawa cikin kwana 30 ba tare da shan wahala sosai ba. Ko a Amurka, babban bankin ƙasar yana tambayar mutane duk shekara yadda za su yi idan larurar dala 400 ta taso, kuma a 2023 kashi 63 ne suka ce za su biya da abin da ke hannunsu. Sauran sai bashi, ko sayar da wani abu, ko kuma babu hali sam.

Mu fara da wutar da ke ci. Ɗauki takarda ka rubuta abu 3 game da bashin nan: nawa ne ya shigo hannunka da gaske, nawa za ka mayar gaba ɗaya, kuma cikin kwana nawa. Na ce wanda ya shigo hannunka ne domin da yawa daga cikin masu irin wannan bashi suna yanke abin da suke kira kuɗin hidima tun kafin kuɗin su iso. A ce sun rubuta maka 100, suka cire 10, ka karɓi 90, aka ce ka mayar da 115 bayan kwana 30. Ka biya 25 ke nan a kan 90, kusan kashi 28 cikin 100 a wata ɗaya, fiye da kashi 330 a shekara. Wanda ya ce maka "kashi 1 ne kacal a rana" kashi 365 yake nufi a shekara, tun ba a sa tarar jinkiri ba. Ko an ajiye batun haramcin riba ga wanda addininsa ya hana shi, lissafin kaɗai ya isa ya tsorata mutum.

Tarkon kuwa a tsarin biyan yake. Ana so ka mayar da kuɗin duka a dunƙule daga albashin da dama can ba ya isa. Ka biya, wata ya raba tsakiya aljihu ya bushe, sai ka koma ka sake karɓa. A Amurka akwai irin wannan bashi na "kafin albashi", inda aka saba karɓar dala 15 a kan kowace dala 100 na sati 2, kusan kashi 400 a shekara. Hukumar ƙasar mai kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta gano a 2014 cewa fiye da kashi 80 na waɗannan basussuka ana sabunta su ne, ko a sake cin wani cikin kwana 14. Ribar mai bayarwa tana wajen wanda ya kasa fita.

To, abu na farko: kada ka ci bashin manhaja ta biyu don ka biya ta farko, komai matsin da suka yi maka. An gudu ba a tsira ba ke nan. Nemi kuɗi mai sauƙi ka kashe mai tsada. Idan wurin aikinku yana da ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, ko ana ba mutum wani abu daga albashinsa a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan, can za ka fara. Idan babu, rubuta wa masu bashin, a rubuce ba a waya ba, ka ce ka amince da uwar kuɗin, ga abin da za ka iya bayarwa duk wata, kana roƙon a tsayar da tara. Ba kullum suke yarda ba, amma sun san wanda yake biyan kaɗan ya fi musu wanda ya kashe waya. Ajiye shaidar duk abin da ka tura. Idan suka fara kiran mutanen da ke cikin wayarka suna ci maka mutunci, ka sani kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa na Play shiga jerin lambobi da hotunan mutane tun 2023, kuma ƙa'idarsa ba ta yarda da bashin da ake tilasta biyansa duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka ba. Ɗauki hoton saƙonnin, ka kai ƙara wurin hukumar da ke sa ido kan masu ba da bashi ko mai kare haƙƙin masu sayayya a ƙasarku. Wannan ba ya yafe maka abin da ka ci, zai dai rage musu ƙarfin tsoratarwa.

Yanzu ranar da wata larurar za ta sake zuwa, domin za ta zo. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne tashin hankalin kuɗi yana rage wa mutum kaifin tunani a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. A 2013 wasu masana, cikinsu har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun wallafa wani gwaji a mujallar Science. Sun tare masu sayayya a wata cibiyar kasuwanci a jihar New Jersey, suka ce kowa ya yi tunanin motarsa ta lalace. Wasu aka ce musu gyaran dala 150 ne, wasu dala 1,500, sannan aka ba su gwajin basira. A ƙaramin gyara, mai hali da marar hali sun yi kunnen doki. A babban gyara, sakamakon masu ƙaramin ƙarfi ya faɗi, alhali ko sisi ba a karɓa daga hannunsu ba, tunanin kawai suka yi. A jihar Tamil Nadu ta Indiya ma sun gwada manoman rake, suka ga manoman nan sun fi ƙoƙari a gwajin bayan girbi, lokacin da kuɗi ke hannunsu, fiye da kafin girbi. Masu manhajar bashi sun san da wannan sarai, shi ya sa suke alfahari da cewa cikin minti 5 kuɗi za su shigo. Ni kuwa shawarata ita ce, in dai ba rai ne a kan layi ba, kada ka sa hannu a kan kowane bashi a ranar da labari ya same ka. Kwana a kai, ka kuma faɗa wa mutum ɗaya da hankalinsa ke kwance.

Da safe ka tambayi kanka game da kowane abin biya: in ban biya yau ba, me zai faru, kuma yaushe? Da amsar za ka jera su, ba da yawan kiran waya ba. Lafiya da rai su ne gaba. Sai wurin kwana da abin da za a sa a baki. Sai abin da ke kai ka wurin neman kuɗi, domin in ya tsaya komai ya tsaya. Sauran duk suna iya jira, kuma sau da yawa wanda ya fi ɗaga murya shi ne wanda jinkirin biyansa ba zai raba ka da komai ba sai kwanciyar hankali.

Kafin ka fita neman kuɗi, gwada rage abin da za a biya. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, saboda kunya. A asibiti, nemi a ba ka lissafin dalla-dalla, abu bayan abu, domin akan samu abin da aka rubuta sau 2 ko wanda ba a yi amfani da shi ba. Faɗa wa likita gaskiya cewa hannunka bai da ƙarfi, ka tambaye shi wane gwaji ne dole yau, wanne zai iya jira, kuma ko akwai maganin wani kamfani mai sinadari iri ɗaya da ya fi araha. Asibitoci da yawa suna da ofishin jin ƙai ko tsarin biya kashi-kashi, amma ba sa bin mutum da shi, sai ya tambaya. Abin da ba a ragewa shi ne maganin kansa: raba ƙwaya biyu ko tsayar da magani don yaro ya ɗan warware yakan mayar da ku gadon asibiti da lissafin da ya fi na farko. Wurin bakanike kuma, ka ce ya raba maka gyaran gida biyu, wanda zai mayar da kai kan hanya lafiya da wanda zai iya kaiwa wata mai zuwa, ka kuma ji farashin mutum na biyu. Birki da taya ba sa cikin masu jira.

Mai gidan haya ko makarantar yara, je ka same su kafin ranar biya, kada ka bari su neme ka. Kada ka tafi da "a yi mini haƙuri" kawai. Ka ce, "Alhaji, yarona ya kwanta asibiti, kuɗin wannan karon ba za su cika ba. Ga rabi yanzu, sauran in sha Allahu ranar kaza idan an yi albashi." Adadi da rana su ne suke sa a saurare ka. Kuma ka faɗi ranar da ka tabbata za ka cika, ko da ta yi nisa, domin saɓa alkawarin farko shi ke rufe ƙofar.

Idan duk da haka sai an nemo kuɗi, bi su daga mai araha zuwa mai tsada. Abin da ka ajiye, in akwai. Sai abin da za a iya matsewa daga kashe-kashen watan. Sai kayan da ke gida ba a amfani da su, tsohuwar waya ko wata na'ura da ke shan ƙura. Sai wurin aiki. Sai 'yan'uwa da abokai. Jingina tana bayan waɗannan, kuma amfaninta ɗaya ne: in abu ya ɓaci kayan ne za su tafi, bashin ba zai yi ta haihuwa ba. Kayan sana'a kuwa, keken ɗinkin maiɗakinka ne ko abin hawan da kake zuwa aiki da shi, ka cire su daga lissafi. Wanda ya sayar da abin da ke kawo masa kuɗi ya biya larurar yau da albashin watanni masu zuwa, ga shi kuma a gaggauce ba a sayar da abu da darajarsa.

Bari in ɗan tsaya a kan 'yan'uwa, domin nan ne mutane suke gwammace kuɗin ruwa na kashi 300 a kan su buɗe baki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. A binciken Bankin Duniyan da na ambata, kashi 30 na manya a ƙasashe masu tasowa sun ce dangi da abokai ne madogararsu ta farko, sai dai kusan rabinsu sun ce samun kuɗin zai yi wuya. Dalili a fili yake: waɗanda ke kusa da kai galibi matsinku ɗaya, ranar albashinku ɗaya. A Kenya, masu bincike William Jack da Tavneet Suri sun gano cewa idan masifa ta auka wa gida, abin da gidajen da ba sa amfani da M-Pesa, wato tsarin tura kuɗi ta wayar hannu, suke kashewa yana raguwa da kusan kashi 7, masu amfani da shi kuwa ba su ragu ba, saboda taimako yana iso musu daga mutane da yawa kuma daga nesa. Darasin da ke ciki shi ne kada ka ɗora wa mutum ɗaya nauyin duka. Raba abin da kake nema gida 3 ko 4, kowa ka faɗa masa adadi da ranar biya, ka rubuta ko da a saƙon waya ne. Idan ka ga ba za ka cika ba, kai za ka fara kira. Mutumin da ya biya ƙaramin rance a kan lokaci ya buɗe wa kansa hanyar da babu bankin da zai ba shi irinta, kuma wannan ma tanadi ne ko da ba a ganinsa a asusu.

Sai maganar tara kuɗin wata 3 zuwa 6. Shawara ce mai kyau ga wanda ke da rara. Ga mai irin halinka illarta ta fi amfaninta, domin tana sa mutum ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya haƙura gaba ɗaya. Cibiyar bincike ta Urban Institute a Amurka ta nuna a 2016 cewa iyalan da ke da ajiyar dala 250 zuwa 749 kacal, abin da bai kai kuɗin hayar wata ɗaya ba a yawancin biranen ƙasar, ba a cika korarsu daga gida ko su kasa biyan haya da wuta ba idan samunsu ya katse, in aka kwatanta da waɗanda ba su da komai. Ƙaramar ajiya ba ta maganin babbar masifa. Aikinta shi ne ta hana ƙaramar larura zama bashi. Burinka na farko ya zama kuɗin cefanen sati ɗaya. In ka kai, sai ka nufi adadin da gyaran abin hawan nan ya ci.

Za ka ce daga ina. Kafin in amsa, ga aikin da nake so ka yi a daren da kake da sarari. Bi saƙonnin banki da rasit da abin da ka iya tunawa na wata 12 da suka wuce, ka rubuta duk kuɗin da ya fita wanda ka kira na ba-zata. Za ka tarar yawancinsu ba baƙi ba ne. Kuɗin makaranta da sabunta haya suna da rana, rana kuwa ba ta ƙarya. Abin hawan da ake hawa kullum dole ya nemi gyara, gidan da ke da yara 3 dole a sayi magani a shekara. Ranar ce kawai ba ka sani ba. Tara jimillar ka raba 12. Abin da ya fito shi ne ainihin kuɗin da watanka ke ci a ɓoye, kuma rashin sa shi a lissafi ne ya sa kowane karo yake zuwa kamar hari. Ko ba za ka iya ware shi duka ba, sanin adadin yana canza yadda kake kallon ragowar da kan bayyana a hannunka a wata mai sauƙi.

Inda kuɗin za su fito kuwa, mafi tabbas shi ne bashin da kake biya yanzu. Ka riga ka koyi rayuwa ba tare da wannan kason ba, da wuya ko da daɗi. Ranar da ka gama biya, ci gaba da cire shi, ko rabinsa, zuwa ajiyarka, a ranar da albashi ya shigo ba a ƙarshen wata ba. Duk kuɗin da ya zo ba a tsammani, na ƙarin aiki ko wanda wani ya biya ka, raba shi biyu kafin ya shiga aljihu. Wasu masana za su ce kada ka ajiye komai sai ka gama da bashi mai tsada, kuma a lissafin takarda suna da gaskiya. Ni ban bi su duka ba. Wanda ba shi da ko kaɗan a gefe, ciwon kai ɗaya zai mayar da shi manhajar da ya fito. Ka ba bashin kaso mafi tsoka, amma ka ajiye wani abu, komai ƙanƙantarsa.

Wurin ajiyar ma yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A yammacin Kenya, masu bincike Pascaline Dupas da Jonathan Robinson sun raba wa mutane ƙaramin akwatin ƙarfe da kwaɗo, makullin yana hannun mai shi. Wannan kaɗai ya ƙara abin da suke tanada domin lafiya da kashi 66. Waɗanda aka riƙe musu makullin a wani wuri ba su amfana haka ba, domin mutum ba ya son kulle kuɗinsa inda ba zai iya kaiwa gare su ba idan ciwo ya taso da tsakar dare. Ka nemi wuri irin wannan: asusu na daban wanda ba ka yawo da katinsa, ba a cire masa kuɗin hidima mai yawa, amma kana iya ɗauka a rana ɗaya. Adashi yana da kyau ga abin da ke da rana, kamar haya, amma larura ba ta jiran kwasarka ta zo. Hauhawar farashi za ta ɗan ci ajiyar, gaskiya ne. Abin da za ta ci bai kama ƙafar abin da manhaja ke ci ba. Masu cewa kawo a ninka maka cikin wata ɗaya kuwa, ba sai na ɓata maka lokaci a kansu ba.

Ka sa maiɗakinka a cikin maganar tun daga farko, har da adadin bashin. Ku yarda a kan abin da ya cancanci a taɓa ajiyar saboda shi, domin in ba a yi wannan ba, duk bukatar da ta zo da kuka za ta zama larura, taka da ta wasu. Taimakon ɗan'uwa abu ne mai kyau, sai dai a ware masa nasa kason daban.

Ciwo shi ne larurar da ƙaramar ajiya ba ta iya ɗauka idan ya yi tsanani. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2023 ya ce a 2019 mutum kusan biliyan 1 ne suka kashe fiye da kashi 10 na kasafin gidansu a kan lafiya daga aljihunsu. Idan akwai inshorar lafiya ta wurin aiki ko ta gwamnati da za ka iya shiga, bincika ta yanzu da kowa ke lafiya. Tambayi ko ta haɗa da kwanciya da tiyata, yara nawa take ɗauka, wane asibiti za ka je, da kuma tsawon lokacin da ake jira bayan rajista kafin ta fara aiki.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye maka ba. Idan ka yi lissafin nan na wata 12 ka ga abin da dole ne ya fita ya fi abin da ke shigowa, to tsimi a ƙananan abubuwa ba zai cike ramin ba, kuma ci gaba da zargin kanka a kan katin waya ɓata lokaci ne. A nan sai an taɓa manya: haya, makarantar yara, kuɗin zuwa aiki, ko a samo wata hanyar shigar kuɗi, taka ko ta maiɗakinka, wadda ba ta bukatar a ci bashi kafin a fara ta. Irin wannan shawara tana da ɗaci, kuma lokacin yanke ta shi ne wata 2 ko 3 kafin haya ta ƙare ko sabon zangon karatu ya kama, lokacin da za ku iya duba wurare, ku kwatanta, ku ba da sanarwa ba tare da an ci ku tara ba.